Guzuri Ko Lokaci: Wanne Ɗalibin Yola Zai Jira Kafin Ya Fita Koyon Harshe?

Duk wanda ya saba zama a majalisun samari na Jimeta bayan sallar La'asar, ko a zaurukan malamai na cikin garin Yola in an tashi daga karatu, ya san akwai wata magana wadda ba ta ƙarewa, watau maganar fita ƙasashen waje don koyon harshe. Wani Larabci yake so, hankalinsa duk yana Alƙahira ko Madina. Wani kuwa Faransanci yake nema, don ya ga yadda waɗanda suka iya shi suke cin abinci da shi, ko a wajen fatauci tsakanin Nijeriya da Kamaru da Chadi, ko kuma a ƙungiyoyin ba da agaji da suka yawaita a Yola tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro mutanen Mubi da Michika da Madagali. Abin da ya haɗa yawancinsu guda ne, sun tara wani abu, amma abin bai kai ba. Akwai tela da ya shekara biyu yana zubin adashi, akwai malamin firamare mai ɗan tsimi daga albashi, akwai kuma wanda duk jarinsa bijimai biyu ne na gado da ke rugar kawunsa. Tambayar da ke hana su barci ita ce, shin a kama hanya bana da abin da ke hannu, ko kuwa a dakata sai baɗi a ƙara tari?

In aka kai maganar gaban dattawa, amsar da aka fi ji ita ce a yi haƙuri sai guzuri ya cika, don gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma baƙunta ba kuɗi wulaƙanci ne. In kuwa aka kai ta gaban tsara, sai su ce a tashi tun yau, don kuɗin da aka ajiye da naira kamar ƙanƙara ne a zafin Yola na watan Afrilu. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, shi ya sa saurayi kan shekara uku yana shawara, bai tafi ba, bai kuma haƙura ba. Amma fa in aka duba da kyau, duka ɓangarorin biyu kuɗi kaɗai suke aunawa, alhali kuwa akwai wani ma'aunin da ya riga wannan, watau ko mene ne mutum ya koya daga cikin harshen tun yana gida. Shi ne ke yanke yawan watannin da zai biya a waje, yawan watannin nan kuwa su ne za su nuna ko guzurin ya isa ko bai isa ba.

TSOHUWAR HANYA

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Adamawa. Shi kansa Modibbo Adama, wanda ƙasar ta ci sunansa, barin gida ya yi ya tafi Barno ya zauna gaban Malam Kiari, kafin ya komo ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga baya ya kafa Yola a 1841. Tun kafin wannan da ɗaruruwan shekaru, a ƙarni na 13, mutanen Kanem sun gina wa ɗalibansu da alhazansu makaranta da masauki a Alƙahira, daga baya kuma aka keɓe wa Barebari ɓangarensu na kwana a masallacin Azhar. Mutanen da ba su san wani abu wai shi jiran kuɗi su cika ba. Almajiri ya ɗauki buzunsa da littattafansa, in ya isa gari ya sauka gidan malami, ya yi noma ko ɗinkin hula ya ci abinci. Masu tafiya aikin hajji ta ƙasa ma haka suke yi, a yada zango a Sudan a yi ƙwadagon auduga shekara ɗaya ko biyu, a sami na gaba. Guzurinsu a hannuwansu yake, shi ya sa ba ya ƙarewa.

Abin da ya toshe wannan hanya shi ne iyakoki da takardu. Yau baƙo ba shi da izinin yin aiki a yawancin ƙasashen da ake zuwa karatu, kwanakin zamansa kuma a ƙidaye suke cikin fasfo. Ke nan duk abin da zai ci, da inda zai kwana, da kuɗin sabunta takardar zama, tilas su fito daga abin da ya zo da shi ko abin da za a aiko masa daga gida. Tun zamanin Turawa ma tafiyar ta riga ta koma hannun hukuma. Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da abokansa sun so ƙaro ilmi a Masar, gwamnatin lokacin ba ta yarda ba, sai ta tura su Bakhtur-Ruda ta ƙasar Sudan a 1954.

Bayan samun mulkin kai, musamman a shekarun da man fetur ya yi daraja, an yi wani zamani da fita ba ta da wuya. A 1980 dala ɗaya kimanin kwabo 55 ce, naira ɗaya kuwa tana canja kusan sefa 400. Jami'o'in Nijeriya a lokacin sukan tura ɗalibansu na Faransanci da na Larabci su yi shekara guda cur a ƙasar da ake magana da harshen. To, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba na 1986, sai naira ta kama gangara, nauyin ya fi ƙarfin jami'o'i da iyaye. Mafitar da aka samo ita ce kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri ta jihar Legas a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Barno a 1992, inda ɗalibi zai je ya zauna cikin harshen ba tare da ya nemi dala ba. Na Ngala ɗin, rikicin Boko Haram ya tilasta masa ƙaura zuwa Maiduguri daga baya. Abin lura a nan shi ne, gwamnati da kanta ta taɓa tsayawa inda telan Jimeta yake tsaye yau, kuma hukuncin da ta yanke shi ne, duk abin da za a iya koya a gida a koye shi a gida.

TARIN DA KE RAGUWA

Masu cewa a tashi tun yau ba su rasa hujja ba, hujjar tasu kuwa mai ƙarfi ce. Kafin ranar 14 ga Yuni, 2023, farashin dala a hukumance kimanin naira 460 ne, a wajen 'yan canji kuwa wajen 750. Ran nan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500 ko a banki ma. A ɗauki misalin saurayin da ya tara naira miliyan ɗaya a farkon 2023. Da ya kai ta wajen 'yan canji a lokacin, da ya karɓi dala 1,300 da 'yan kai, wanda kuwa ya dace da farashin banki na biyan kuɗin makaranta da ya sami fiye da dala 2,100. In ya bi shawarar kawunsa ya dakata shekara guda, ya matse bakin aljihu ya ƙara rabin miliyan a kai, to miliyan ɗaya da rabin nan dala 1,000 kacal za ta saya masa. Ya ƙara tari, ya kuma ƙara nisa da Alƙahira. Sa'an nan ga tsadar abinci da ta biyo bayan janye tallafin man fetur, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, watau ɗan abin da ake ragewa daga albashi a ajiye shi ma ya ƙanƙance.

Mai nufin Kamaru bai tsira ba. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999, saboda haka duk ranar da naira ta durƙusa wa kuɗin Turai ta durƙusa wa na maƙwabta. A 2024 naira ɗaya ba ta kai rabin sefa ba. Dattijon da ya tuna zamanin da yake shiga kasuwar Garwa da naira ana rububinsa, shawararsa ta haƙuri tana da kyau, sai dai a kan wata nairar ya gina ta, wadda yanzu ba ta nan.

Duk da haka, abin da wannan lissafi ya nuna bai wuce a guji ajiye guzurin waje da naira ba. Bai ce a tafi da rabin guzuri ba. Mutanen Adamawa dai ba su taɓa dogara ga takardar kuɗi kaɗai ba. Mai dabba ya fi kowa sa'a, don bijimi ko rago yana bin kasuwa yana hawa, kuma in aka kai shi Ngurore ko Mubi ana gab da Babbar Sallah ba a rasa mai saye da daraja. Sai dai dabba tana ciwo, tana mutuwa, ana kuma sace ta. Wani yakan sayi masara ko shinkafa da kaka ya zuba a sito, sai tsakiyar damina ya fitar, dabarar da ta yi wa mutane rana a 2023 da 2024, ta kuma kwantar da da yawa a 2025 da farashin hatsi ya karye. Wanda kuwa yake canja abin da ya samu kaɗan kaɗan zuwa kuɗin ƙasar da zai je, ba zai ci riba ba, amma dai kullum ya san zaman wata nawa ya tara. Da wata ake ƙidayar guzurin ɗalibi, don mai gidan haya a can ba ruwansa da ko naira nawa aka sha wuya aka haɗa.

Akwai kuma saɓani tsakanin lokacin makaranta da na manomi, wanda ba a cika lura da shi ba sai an makara. Makarantun Kamaru da na Masar suna buɗe sabuwar shekara ne daga Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amfanin gona bai iso gida ba. Kuɗin kaka sai Nuwamba ko Disamba, an riga an yi nisa da karatu. Saboda haka ɗan manomin da ke jiran amfanin bana, a haƙiƙa tafiyar baɗi yake shiryawa, gara ya san haka tun da wuri, ya sa watanni goman da ke tsakani cikin karatu. Mai dabba kuwa abin ya zo masa daidai a 'yan shekarun nan, don Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni a 2024 da 2025, ya sayar ya sami wata uku na neman fasfo da biza.

GARWA KUSA CE, AMMA

Ga mai neman Faransanci, wuri mafi kusa kuma mafi sauƙi shi ne Garwa. Kogin Binuwai ɗaya ne ya bi ta garuruwan biyu, kuma kafin Ingilishi su ci Yola a 1901, Jamusawa su kama gabashin ƙasar, Garwa da Marwa da Ngaundare duk a ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa suke. Har yau gidaje da yawa a Yola suna da dangi a can. Ba kuɗin jirgi, ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza don gajeren zama, ɗaki da tuwo kuwa sau da yawa gidan goggo ko bappa ya ɗauke. Akwai cibiyar Alliance Française a garin, ga jami'a a Ngaundare tun 1993, da ta Marwa tun 2008, sa'an nan Garwa ma ta sami tata a 2022.

To, amma sauƙin nan shi ne tarkon. Harshen kasuwa da na zaman gida a arewacin Kamaru Fillanci ne, ga kuma Hausawa da unguwanninsu. Saurayin da ya tashi daga Yola ya sauka gidan danginsa, zai yi awa biyu a aji yana Faransanci, sauran yinin kuwa yana cikin harshen da ya sha a nono. Mai kanti zai gane shi tun daga gaisuwa, ya juya masa zuwa Fillanci don karamci. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yi wata shida ya komo da Fillancin Garwa tsantsa da Faransancin da bai wuce na gaisuwa ba. Wanda ke cin moriyar Garwa shi ne wanda ya je da abin buɗe baki, har ya iya nacewa a yi masa magana da Faransanci, ya saurari rediyo ya gane, ya karanta takardar ofis. Irin wannan 'yan watanni sun ishe shi ya goge, ya zauna jarrabawar DELF ta gwamnatin Faransa, ya komo da shaidar da ake karɓa a ko'ina.

Tushen kuwa ana samunsa a nan gida. Ana koyar da Faransanci a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola, ga kuma 'yan Kamaru da 'yan Chadi mazauna Jimeta waɗanda za a iya shiryawa da su kan darasin yamma, a biya su da naira. Wani abin kuma da ke ƙara wa shirin gida muhimmanci shi ne, Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, in zama ya wuce wata uku sai an nemi katin zama, kuɗinsa kuwa ba na wasa ba ne. Wanda ya shirya har wata uku suka ishe shi ya tsallake wannan nauyi gaba ɗaya, wanda ya je ba ko harafi kuwa, a daidai lokacin da bakinsa ya fara buɗewa ne takardarsa za ta ƙare.

Lissafin mai Larabci ma haka yake, sai dai kuskurensa ya fi tsada, don da jirgin sama ake zuwa. Azhar tana yi wa baƙo jarrabawar auna matsayi. Wanda Larabcinsa bai kai ba a tura shi ajin koyon harshe hawa hawa, wanda kuma ba shi da takardar sakandaren da suka yarda da ita sai ya bi ta ƙananan makarantunsu kafin ya ga ƙofar kwaleji. Kowane hawa watanni ne, kowane wata kuwa hayar ɗaki ce da gurasa da wake da kuɗin mota. Wanda ya sauka Alƙahira bai san fa'ili da maf'uli ba, zai riƙa biyan haya da kuɗin waje don ya koyi abin da malamin unguwarsu zai koya masa a kan buzu, ba tare da ya nemi komai ba sai ladabi. Ajurrumiyya da Alfiyyar Ibn Malik ba za su canja ba don an karanta su a gaɓar Binuwai maimakon gaɓar Nilu.

Abin da zaure ba ya bayarwa, wanda kuma shi ne ya sa tafiyar ta cancanci kuɗinta, shi ne kunne da sakin harshe. Ɗalibin zaure yakan fasa baiti mai wuya ya yi masa i'irabi tsaf, amma ya kasa tambayar hanyar tasha. Wannan sai an zauna cikin masu harshen. Ko a nan ma da abin sani, don Larabcin titin Alƙahira daban yake da na littafi, har harafin jim ma da "g" suke furta shi, saboda haka wanda ya je ba tushe yakan kwaso na kasuwa ya cakuɗa, ya rasa na kamawa. Cibiyoyi masu zaman kansu da ke koyar da Larabcin littafi a unguwar Madinatu Nasr hawa hawa suke karɓar kuɗi, ke nan duk hawan da mutum ya tsallake ranar jarrabawar shiga, kuɗi ne ya koma aljihunsa. Faɗuwar fam ɗin Masar a watan Maris na 2024, daga kimanin 31 kan dala zuwa kusan 50, ta ɗan sassauta wa mai dala, amma hayar ɗaki ta hau sakamakon kwararar mutanen Sudan da yaƙi ya koro.

KUƊIN KOMOWA

Sudan ɗin nan da can ita ce mafakar ɗalibi marar ƙarfi, musamman Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum, inda 'yan arewacin Nijeriya suka yi yawa. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Ɗalibai suka maƙale, bankuna a rufe, ba hanyar aiko musu kuɗi daga gida cikin sauƙi. Gwamnatin Tarayya ta yi hayar motocin safa, aka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar, ayarin farko bai sauka Abuja ba sai ranar 3 ga Mayu, a ƙarshe aka kwaso fiye da mutum 2,000. Ba a fatan irin wannan, amma ya nuna cewa akwai wani kaso na guzuri wanda ba na ci ba ne, watau kuɗin komowa gida, wanda ya kamata a ƙulle shi daban a manta da shi. Wanda tarinsa bai isa ba sai ya haɗa da wannan kaso, to lokacinsa bai yi ba. Ko Garwa da ke nan kusa an yi tarzoma a cikinta bayan zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban 2025, kuma ba a manta yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020 ba.

Haka nan kuɗin alkawari ba ya shiga lissafi. Yawancin masu tafiya da rabin guzuri sukan dogara ne ga wani yaya da ya ce zai riƙa aikowa duk wata, ko wani mai hali da ya ce a je kawai shi ne nan. Wata uku na farko saƙo yakan zo, daga nan sai haihuwa ko rashin lafiya ko karayar kasuwa su gitta. Ita kanta gwamnati ta gaza a irin wannan alkawari. Ɗaliban da ta tura Maroko da Aljeriya da Rasha da sauransu ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na tallafin karatu, waɗanda da yawansu da shekarar koyon harshe suke farawa, sun yi watanni ba a biya su ba, a 2024 aka rage kuɗinsu na wata daga dala 500 zuwa 220, a 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da tsayar da shirin. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

Sai dai jiran ma yana da iyaka, iyakar kuwa shekarun haihuwa ne. Hanya mafi sauƙi ga marar ƙarfi ita ce gurbin karatu kyauta daga ƙasar da za a je. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ɗaukar kuɗin jirgi da masauki da ɗan abin kashewa, tana kuma da sashen koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, amma ƙa'idarta kada mai nema ya wuce shekara 25, kada kuma takardarsa ta sakandare ta wuce shekara biyar. Gurbin gwamnatin Turkiyya, wanda ake nema a Janairu da Fabrairu, ya haɗa da shekara guda ta koyon Turkanci, amma mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21. Saurayin da ya duƙufa kan tara kuɗi shekara huɗu bai cika ko takardar nema ɗaya ba, yakan farga ne bayan ƙofar kyauta ta rufe, sauran ta kuɗi kaɗai. Cike takarda kuwa ba ya cin komai sai kuɗin intanet da na fassara shaidun karatu, saboda haka wannan ba abin jiran guzuri ba ne. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Ƙasashen Turai kuwa, ga mai ƙaramin tari, hangen Dala ne. Jamus, alal misali, daga Satumban 2024 ta ƙayyade wa ɗalibi ya nuna yuro 11,904 na shekara guda a asusun banki kafin ta ba shi biza, kimanin naira miliyan 20 ke nan a farashin lokacin. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi fiye da shekara ashirin bai taɓa ko kwabo ba kafin ya haɗa su. A ɗaya gefen kuma akwai araha mai cutarwa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, a Janairun 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. Mai neman harshe don ya yi magana da shi wannan bai shafe shi ƙwarai ba, amma mai neman takardar da zai nemi aiki da ita tilas ya bincika kafin ya biya.

Akwai wani abokin takarar tafiya da ba a cika ambata a majalisa ba, amma kowa ya san shi, shi ne aure. Kuɗin da aka tara don Alƙahira su ne dai kuɗin da iyaye mata ke hange don lefe, kuma duk shekarar da aka ƙara ana jira, matsin yana ƙaruwa. In an yi auren, guzuri ya zama biyu, na mai tafiya da na wadda aka bari, sai fa in iyaye za su riƙe ta. Ga 'yan mata kuwa maganar ta fi haka sarƙa, don ban da kuɗi akwai batun muharrami da amincewar gida, shi ya sa da yawansu Badagiri ko Maiduguri ko ajin yamma na Jimeta ne abin da ke yiwuwa, kuma ba a ce ba su amfana ba.

Wanda dai ya kai inda zai karanta shafi guda na harshen ya gane mafi yawansa, ya sami takardar makaranta mai nuna ranar farawa da ranar gamawa, ya tara abin da zai riƙe shi tsakanin ranakun nan biyu da kuɗin ƙasar da zai je, ya kuma ware na komowa, ƙara shekara ɗaya a gida ba za ta ƙara masa komai ba sai kasadar wata faɗuwar naira da matsin aure. In Garwa ya nufa ta hanyar Fufore da Gurin, sai ya tuna cewa watan Satumba, lokacin buɗe makarantu, shi ne kuma lokacin da kogin Faro yake cike, hanya ta lalace, ga fargabar sakin ruwa daga madatsar Lagdo kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Kuɗin mota da na kwalekwale a watan nan ba ɗaya suke da na rani ba, su ma sai a sa su cikin lissafi.